Kafin Ka Ɗauki Dutse, Ka Ji Abin Da Kare Yake Faɗa

  

Na san wani zai ga kan wannan rubutu ya ce, yau kuma Malam ya rasa abin rubutawa sai kare? To, a yi mini haƙuri a karanta tukuna. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a zangon karatun da ya wuce an kawo mini wani yaro ɗan aji uku hannunsa yana jini, kare ya cije shi a hanyar makaranta. Da na bincika sai na tarar karya ce ta haihu a wani kango da ke bayan layinmu a nan Gwarzo, yara kusan goma suka tare ƙofar kangon da duwatsu, shi kuwa da ya fi su ƙarfin hali ya kutsa zai ɗauko kwikwiyo. Na ce masa, "Ba ta yi maka gargaɗi ba?" Ya ce, "Malam, da ma kare yana gargaɗi?" Sai abokinsa ya ce ai ta daɗe tana gurnani, gashin bayanta duk ya miƙe. Ka ji fa. Ta yi magana har ta gaji, ba a samu wanda ya san yarenta ba.

Ba a yi mako biyu ba kuma sai ga wani ɗalibin yana cika baki a aji, wai yayansa ya sayo karen Turawa daga Kano, mai takarda, mai asali, ba irin banzayen karnukan ƙauye ba. Na wuce ta ƙofar gidan da azahar na ga karen. An ɗaure shi da sarƙa a rana, ga gashi kamar bargo, harshe a waje, kwanon ruwansa a bushe, ana ta daka masa tsawa da Turanci domin wai ba ya jin Hausa.

Ra'ayina shi ne, da mai jifan da mai alfaharin duk jahilci ɗaya ne yake damun su. Ba su san daga inda kare ya fito ba, ba su san don me aka yi shi ba, ba su kuma san yadda ake fahimtar juna da shi ba. Wannan kuwa ilimi ne da ya kamata a koya wa yaro kamar yadda ake koya masa tsallaka titi, domin rai yana iya salwanta saboda rashinsa.

Mu fara da asali. Masu binciken ƙwayoyin halitta sun haɗu a kan cewa duk karnukan duniya, manya da ƙanana, daga wata dabbar daji ɗaya suka fito, wadda Larabawa suke ce wa zi'ibu. Ita ce dabbar da 'yan'uwan Annabi Yusufu (AS) suka yi wa ƙage. A wajen tafsiri wasu malaman sukan fassara ta da kyarkeci, wasu su ce kura, domin babu ainihin irinta a dajinmu. Kyarkecin dajin Afirka mai dabbare-dabbare ɗan'uwa ne na nesa, haka ma dila da yanyawa. Kura kuwa, abin mamaki, ba dangin kare ba ce sam, ta fi kusa da tunku da kyanwa. Ashe gabar da ke tsakanin kare da kura ba faɗan 'yan gida ɗaya ba ne.

Kare shi ne dabbar farko da ɗan Adam ya fara sabawa da ita, tun kafin tunkiya da akuya da saniya, tun ma kafin a fara noma. A 1914 an tono wani kabari a Oberkassel kusa da birnin Bon na ƙasar Jamus, aka sami ƙasusuwan namiji da mace da na kare a tare, masana suka ƙiyasta shekarunsa sun kai 14,000. A arewacin Saudiyya, wajen Shuwaimis da Jubba, akwai zane-zane a jikin duwatsu na maharba da baka da karnukansu, wasu har da igiya daga wuyan kare zuwa ƙugun maharbi, binciken da aka buga a 2017 ya ce sun kai shekara 8,000. Duk wanda ya ga hoton karnukan nan, kunne a tsaye, bindi a nannaɗe, zai rantse na mafarautan Garo ne ko na Getso. Game da yadda abin ya fara, masana sun yi saɓani. Wasu sun ce mutane ne suka ɗauko 'ya'yan zi'ibu suka rena, wasu sun ce su dabbobin ne suka riƙa bin zangon maharba suna cin ragowar nama, waɗanda ba su da tsoro sosai suka zauna, suka hayayyafa a kusa da mutane.

Kada wani ya ce, to yaya dabba ɗaya za ta zama iri ɗari? Ai ba sai mun je Turai ba, mu shiga kasuwar Getso. Ga farar saniya Bunaji, ga ja mai dogon ƙaho Rahaji, ga Bokolo mai guntun ƙaho. A tumaki ga Balami, ga Uda mai launi biyu, ga 'yar ƙasa. Mahalicci ɗaya ne Ya halitta su, Shi ne kuma Ya ba makiyayi basirar zaɓen bijimin da zai bari a garke da wanda zai dandaƙe. In aka yi haka shekara ɗaruruwa sai ka ga iri ya fita daban. To, haka aka yi da kare. Mutumin sahara yana son mai gudu da zai kamo barewa, sai ya riƙa haɗa mai gudu da mai gudu har aka sami Saluƙin Larabawa. Makiyayin ƙasar sanyi yana son mai tattara tumaki, mai dukiya yana son mai gadi, maharbin kurmi yana son mai hanci. Kowane iri aiki ne ya haife shi.

Amma mafi yawan sunayen nan da matasa suke alfahari da su jiya-jiya aka yi su. A 1859 aka yi gasar nuna karnuka ta farko irin ta zamani a birnin Niyukasil na Ingila, a 1873 kuma aka kafa ƙungiyar Kennel Club a Landan, wadda ta fara rubuta nasabar karnuka a littafi tana ƙayyade kamannin kowane iri. Karen da muke kira Alsheshan wani tsohon hafsan sojan doki na Jamus mai suna Max von Stephanitz ne ya kafa irinsa a 1899, daga karnukan makiyayan ƙauyukan ƙasarsu. Sunansa na gaskiya karen kiwo na Jamus, Ingilishi ne suka sake masa suna bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya saboda haushin Jamusawa. Dobaman sunan wani mai karɓar haraji ne a garin Apolda, Louis Dobermann, wanda ya nemi kare mai ban tsoro da zai raka shi yawon karɓar kuɗi. Rotwaila karen mahauta ne na garin Rottweil, aikinsa koro shanu zuwa kasuwa. A yau babbar ƙungiyar masu karnuka ta duniya da aka kafa a 1911 tana lissafa iri wajen 350. Ku lura da kyau, lokacin da aka rubuta sunan Alsheshan na farko a littafi, ganuwar Kano ta shekara ɗaruruwa a tsaye, mafarautan ƙasar nan kuma sun gaji karnukansu kaka da kakanni.

Wannan nasaba ta takarda kuwa ba ta zo a banza ba. Da aka koma neman kyan gani aka bar aiki, aka riƙa haɗa uwa da ɗa, wa da ƙanwa, sai cututtuka suka taru. Alsheshan ya shahara da ciwon ƙugu. Buldog an daddaƙe masa hanci har numfashi yana yi masa wuya, yawancinsu ma ba sa iya haihuwa sai an yi musu tiyata saboda girman kan 'ya'yan. Ni dai ban ga ci gaba ba a cikin dabbar da ba ta iya haihuwa da kanta.

To, namu fa, da aka ce ba shi da asali? Turawa ma sun daɗe suna zaton karnukan ƙauyukan Afirka gaurayen barbarar karnukan da suka kawo ne. A 2009 wani masani mai suna Adam Boyko na Jami'ar Cornell a Amurka da abokan aikinsa suka auna jinin karnukan ƙauye sama da 300 a Masar da Yuganda da Namibiya, suka tarar yawancinsu 'yan ƙasa ne na asali, tsatsonsu daban, ba daga na Turai suka fito ba. A 2018 kuma aka buga wani binciken a kan karnukan gida 15 na Nijeriya, aka ga alamun cewa jikinsu ya saba da yaƙi da ƙwayoyin cutar ƙasashen zafi. Ai mu ma ido ya nuna mana. Karen ƙauye zai sha ruwan kududdufi, kaska ta cika masa kunne, ya ci ƙanzo da dusa, gobe ka gan shi yana bin zomo. A yi wa na takarda haka mako ɗaya a gani.

Akwai ma abin dariya. A arewa da Tawa cikin Jamhuriyar Nijar har zuwa Mali akwai ƙasar Azawak, inda shanun Azawak suka samo suna. Buzaye da Fulanin wurin suna da wani siririn kare mai dogayen ƙafafu, yana gadin tanti yana kamo barewa. A shekarun 1970 Turawa suka ɗebe shi zuwa Yugoslabiya da Faransa, suka buɗe masa littafi, yau ana sayar da shi da tsada a Turai da Amurka da sunan Azawak. Haka suka yi da Basenji na kurmin Kwango, karen da ba ya haushi sai wani irin kuka kamar guɗa. Wato da wani Bature ya sauka a Kabo ya zaɓi jajayen karnukan mafarauta guda goma ya yi musu rajista, da yanzu yayan ɗalibina yana tara kuɗin sayen ɗaya.

Yanzu mu zo kan magana, wadda ita ce ta fi damuna. Ɗalibai, ku ɗauko Risala ku buɗe babin da ya yi maganar yanka da farauta. A aya ta 4 ta Suratul Ma'ida Allah Ya halatta mana abin da dabbobin farauta da muka koyar suka kama mana, idan mun ambaci sunanSa. Malaman fiƙihu suka tsaya suka tambaya, yaya za a gane kare ya koyu? Suka ce alamarsa ita ce in an aike shi ya tafi, in an tsawatar masa ya tsaya. Shafi'awa suka ƙara sharaɗin kada ya ci daga abin da ya kama, Imam Malik bai sharɗanta wannan ba. Ku duba da kyau. Zomo ɗaya ne, daji ɗaya, haƙori ɗaya. In karen da ya koyu ne ya kashe shi bayan mai shi ya sake shi da niyya da bisimilla, ya kuma ji masa rauni, ya halatta. In karen da ba ya jin magana ne, ko wanda ya tafi don kansa, mushe ne, sai fa in an riske shi da rai an yanka. Ashe fahimtar juna tsakanin mutum da kare hukunci ne da halal da haram suka rataya a kansa. Ibnul Ƙayyim ya kafa hujja da wannan mas'ala a kan darajar ilimi, cewa har a cikin karnuka ba a daidaita mai sani da jahili ba. Malalacin ɗalibi sai ya yi wa kansa hisabi.

Ina yaro na sha bin wani dattijo maƙwabcinmu farauta da rani, bayan an kawar da amfanin gona, wajen fadamun da ke kusa da dam ɗin Guzuguzu. Bai taɓa shiga aji ba, amma a wannan fanni shehi ne. Yana da fito iri uku, na kira daban, na cunawa daban, na a dawo daban. In ya nuna kurmi da gora karnukan sun san can za su shiga. Su ma suna ba shi labari. Yakan ce haushin gafiya a rami daban yake da na damo a kan bishiya, na maciji kuwa ko yaro ya ji ya san akwai tsoro a ciki. Sunayen karnukan ma magana ce, akwai Duna saboda baƙi ne, akwai Bar-su, wanda in ya kira shi da ƙarfi a ƙofar gida maƙwabta sun san da wa yake. Ban taɓa ganin ya doki kare ba. In kwikwiyo ya yi daidai, nan take yake jefa masa ɗan abin taɓawa, ba ya bari sai an koma gida. Yakan kuma haɗa ƙaramin da tsohon kare su fita tare, ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana, amma sai na bara ya nuna masa hanya.

Abin da dattijon nan ya sani a aikace shi ne masana suka zo suna aunawa daga baya. A 2002 Brian Hare da abokansa suka nuna cewa in ka ɓoye abinci a ɗaya daga cikin kwanuka biyu ka nuna da yatsa, kare yana bin yatsan, har ya fi zi'ibun da mutane suka rena, ya fi manyan birai, kuma kwikwiyo ma yana yi tun yana ɗan makonni. A 2004 aka ba da rahoton wani karen kiwo a Jamus mai suna Rico da ya san sunayen abubuwa sama da 200. Wata karya mai suna Chaser, wadda wani tsohon farfesa John Pilley ya koyar a Amurka, ta haddace sunaye 1,022. A 2016 masana a birnin Budafes na ƙasar Hangari suka koya wa karnuka 13 kwanciya shiru a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka tarar ƙwaƙwalwar kare tana lura da kalmar da aka faɗa, tana kuma lura da muryar da aka faɗe ta da ita, ba ta yin cikakkiyar murna sai kalmar yabo ta haɗu da muryar yabo. Saboda haka maganar wai karen Turawa sai da Turanci shirme ce. Kare yana riƙe sautin da aka saba masa da shi ne, ko da Hausa ko da Fillanci. In ma harshen kakanni ake bi, ai da Jamusanci ya kamata a yi wa Alsheshan magana.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Yanzu akan ga bidiyo a waya, kare yana taka wasu maɓallai suna furta kalmomi, a ce wai yana hira da uwar ɗakinsa. Ni a ganina karen da ya gane cewa in ya taka wannan za a buɗe ƙofa, in ya taka wancan za a kawo abinci, ya yi wayo, amma bai zama mai zance ba. Haka kuma sunkuyar da kai da kare yake yi in ka dawo ka tarar ya yi ɓarna, mutane su ce ya san laifinsa. Wata masaniya Alexandra Horowitz ta gwada wannan a 2009, ta ga karen da bai yi komai ba ma yana yin wannan fuskar muddin aka yi masa faɗa. Fushinka yake karantawa. Don haka dukan kare da yamma saboda kazar da ya kama da safe bai koya masa komai ba sai tsoron mai shi.

Duniyar kare ta hanci ce da kunne. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin jin ƙanshi wajen miliyan 6 a hancinsa, na kare suna kaiwa ɗaruruwan miliyoyi, yana kuma jin siririn sautin da kunnenmu ba ya kamawa. Fitsarin da yake ɗigawa a gindin bango saƙo ne yake bar wa 'yan'uwansa. Mu da ba mu da wannan hanci, abin da ya rage mana shi ne mu karanta jikinsa, ga kuma abin da nake so kowane ɗalibi ya haddace kamar karatun allo.

Kaɗa bindi ba kullum ne murna ba. In jiki a sake yake, bindi yana lilo har da ƙugu, baki a ɗan buɗe, wannan lafiya lau. In kuwa bindin ya miƙe sama yana ɗan karkarwa, jiki ya sandare, baki a rufe, ido a kanka, to ja da baya. Karen da ya cusa bindi tsakanin ƙafafu ya kwantar da kunne tsoro yake ji, matsoracin kare da aka rutsa a lungu kuwa ya fi kowanne saurin cizo. Kafin a kai ga gurnani akwai ƙananan alamu da ba a kula da su: ya kau da kai, ya lashi hanci, ya yi hamma ba barci yake ji ba, farin idonsa ya bayyana. Duk cewa yake yi a ba ni wuri. Sannan gashin baya ya miƙe, sannan gurnani, sannan ya yage leɓe ya nuna haƙora. Gurnani alheri ne, domin shi ne gargaɗin ƙarshe, mai karen da yake dukan karensa saboda gurnani yana koya masa ya yi cizo ba sallama.

In baƙon kare ya nufo ka, kada ka ruga, domin duk abin da ya gudu abin farauta ne a wurinsa, ba kuwa za ka tsere masa ba. Kada ka yi ihu, kada ka zuba masa ido, a yarensu wannan neman faɗa ne. Ka tsaya cik kamar turke, hannuwa a jiki, ka ɗan juya gefe, ka bar shi ya sunsuna, sannan ka ja da baya sannu a hankali. In ya kayar da kai, ka dunƙule ka rufe wuya da fuska da hannu. Kare huɗu kuma ba a matsa musu ko na gidanku ne: mai cin abinci, mai barci, mai jego, da wanda yake ɗaure.

Akwai kare ɗaya da duk wannan karatu ba ya aiki a kansa, shi ne mahaukacin kare. Ciwon hauka ƙwayar cuta ce da ke cikin yawu, tana bin jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Karen yakan sauya hali, ya riƙa dalalar da yawu yana cizon duk abin da ya tarar, wani kuwa shiru zai yi, muƙamuƙinsa ya saki kamar ƙashi ya maƙale masa, mai tausayi ya sa hannu zai cire. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma wajen 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Alhali kuwa tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allurar rigakafinta a Faransa ya rayu.

Iyaye, a nan nake roƙon ku. In kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a duba agogo, sannan a tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa, kada a ɗaure ciwon a ce a ga abin da hali zai yi. Alluran a ranaku daban-daban ake yin su, sai an cika. In an san karen, a killace shi kwana 10 ana lura da shi, amma ba a jiran kwanakin kafin a fara magani. Ku kuma ɗalibai, na san dalilin da ya sa kuke ɓoye cizo, tsoron duka ne. Ku faɗa. Uban da ya doki yaro don ya kawo ƙarar cizon kare, ya sani gobe ƙanensa ba zai faɗa ba.

Na san akwai mai cewa, Malam, duk wannan ba kwaɗaitar da yara kiwon kare ba ne, alhali an hana? A'a. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa yana raguwa kullum, ya kuma inganta cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da yake ciki. Ban ce a sa kare a gado ba, ban ce a sumbace shi kamar yadda ake gani a fim ba, wanda ba shi da bukata kada ya ajiye. Amma littattafan nan guda biyu su ne suka kawo labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, aka gafarta masa. A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallage a ciki sau bakwai bin umarni ne, ko da yake Shafi'awa da Hambalawa suna ganin najasa ne. Suratul Kahfi da muke karantawa duk Juma'a ta ambaci karen samarin nan sau huɗu. Masu sharhin Risala sun kawo cewa shi kansa mai littafin, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya ajiye karen gadi da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, da aka tuna masa Malik ya karhanta haka sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. A ina cikin duk wannan aka ce yaro ya cika aljihu da duwatsu?

Wanda kuwa bukata ta sa ya ajiye, manomi ne ko makiyayi ko mafarauci ko mai gadin gida, to ya ɗauki amana. Ruwa, inuwa, abinci, a cire masa kaska, a sake shi ya motsa jiki, kada ya bar shi yana tare wa almajirai da 'yan makaranta hanya. Uwa uba allurar hauka, wadda ake yi a ofishin likitan dabbobi. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan gari allura, cutar takan daina yawo a garin. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, ina ba sarakunan dawa da masu unguwanni na Gwarzo da Kabo shawara su sa ta zama ranar da kowane mafarauci zai fito da karnukansa, kafin lokacin farauta ya kama.

Yaron nan dai mahaifinsa ya kai shi asibiti a ranar, ya cika alluransa, ya dawo aji. Karyar kuwa da daddare ta kwashe 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya ta bar kangon. Ranar Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu, na gayyato wani dattijon mafarauci zai zo bayan la'asar da karensa guda ɗaya a ɗaure, ya nuna wa 'yan aji uku zuwa shida alamun da na lissafa a filin bayan makaranta. Iyayen da suke da hali suna iya zuwa.